Juji, Leda da Funfuna: Tarihin Shararmu Jiya da Yau

Gabatarwa

Duk wanda ya ba shekara sittin baya a ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu ya riski zamanin da juji yake dukiya. Magidanci yakan sa ido a kan jujin bayan gidansa kamar yadda yake sa ido a kan rumbunsa, kuma idan wani ya kwashi ko da mangala guda ba da izini ba, maganar takan kai gaban mai unguwa. A yau kuwa jujin nan ya zama abin gudu. Masu gida suna neman wanda zai raba su da shi, manomi kuma yana ɗari-ɗari da shi, domin ya cika maƙil da leda.

Dalilin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne wata ziyara da wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake karatun kimiyya a jami'a, ya kawo mini. Muna zaune a zaure sai guguwa ta taso, ta kwaso ledoji ta watsa mana a ƙofar gida. Da ya ga na ɓata rai sai ya ce, "Malam, ai an kusa hutawa. Masana sun gano funfunar da take cin leda." Na ji daɗin wannan albishir, amma aikin malanta ya koya mini kada in karɓi amsa daga yaro sai na ga yadda ya yi lissafinsa. Saboda haka na bi diddigin maganar, kuma abin da na samu shi ne zan gabatar wa mai karatu a nan. Sai dai zan faro daga baya, domin ba a gane maganin cuta sai an san mafarinta.

Zamanin da Komai Yake Ruɓewa

Garin Gusau, wanda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19, ya ginu ne a kan noma da kiwo da fatauci, haka ma Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi. Kayan da mutanen wancan zamani suke zuba abinci ko ɗaukar kaya da su, duk daga gona ko daji ko jikin dabba suka fito. Ƙwarya da masaki da ludayi da gora daga duma ake fafe su. Faifai da lefe da tabarma da igiya daga kaba ake saƙa su. Akushi daga itace, tulu da randa da tukunya daga yumɓu, salka da tandu da taiki kuma daga fata. Mai daddawa takan ƙunshe hajarta a ganye, goro ma yakan iso daga Kurmi cikin huhu, a lulluɓe da ganye. Idan ƙwarya ta tsage sai a kai wa gyartai ya ɗinke. In ta gagari gyartai ta zama sakaina, a riƙa ɗebo wuta ko kwasar shara da ita, kafin daga bisani ta tafi juji.

Ko bayan zuwan Turawa al'amarin bai sauya sosai ba. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma Gusau ta zama babbar cibiyar cinikin gyaɗa da auduga. Amma buhun da ake zuba gyaɗar na algarara ne, wanda ake saƙawa da zaren wani tsiro ɗan gidan su lalo, shi ma in ya tsufa ruɓewa yake yi. Sababbin kayan da suka shigo, wato kwano da tasa da kwalba da gwangwani da takarda, ba a san yar da su ba. Kwalba takan koma ta man gyaɗa ko ta kananzir, gwangwani ya zama fitilar aci-balbal, takardar buhun siminti kuma ta tafi wurin mai tsire. Ina iya tunawa, muna 'yan firamare a farkon shekarun 1970, idan aka aike ka sayen koko ko ƙosai da kwanonka kake tafiya. Yaron da ya je hannu rabbana sai mai ƙosai ta kora shi gida ya ɗauko.

To, me ake samu a jujin irin wannan al'umma? Toka, da kashin awaki da na jakai, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da tsohon zana, da bunun da aka sauke daga jinka, da tsumma. Da rani, kafin faɗuwar damina, sai ka ga jakai da mangala suna ta safara daga gari zuwa gona, ana jibge taki tsibi-tsibi. Wannan ba al'adarmu ce mu kaɗai ba. Wani masanin labarin ƙasa mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakai suke shiga birni da itacen girki su fito da taki, da yadda wannan ya taimaka wa manoma suna nome gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba. Gari yana cin abin da gona ta haifa, gona kuma tana cin abin da gari ya zubar. Ga kuma duba-gari na zamanin En'e, wanda yake leƙa randa da kwata da bayan gida, kowa yana shakkar tararsa.

Ma'aikaciyar da Ba a Gani

Kakanninmu sun san cewa shara tana nuna ta zama taki, amma ba su ga wanda yake nunar da ita ba. Ilimin zamani ya nuna cewa aikin na gara ne da tana da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kuma babba daga cikin ma'aikatan ita ce funfuna, wadda mu a nan muka fi kira hunhuna. Ita ce farin gashin nan ko baƙi ko kore da yake fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko burodin da aka manta. Masana ba su sa ta cikin tsirrai ba, ba su kuma sa ta cikin dabbobi ba, jinsi guda suka ware mata. Danginta sun haɗa da laimar kwaɗi da take tsirowa a kan juji da damina, da burtuntunar da take ɓata zangarniyar dawa, da yistin da mai burodi yake kumbura ƙullinsa da shi.

Funfuna ba ta da baki, ba ta da ciki. Jikinta siraran zare ne waɗanda suka fi gashi ƙanƙanta, suna kutsawa cikin abin da ta sauka a kai. Daga bakin kowane zare takan fitar da wani sinadarin narkarwa, irin wanda yake narkar da abinci a cikin mutum, sai dai ita a waje take zubo nata. Sinadarin ya yanyanka abin ya mayar da shi ruwa-ruwa, sa'an nan ta tsotse. Da wannan dabara take cin kututturen itace, wanda kusan babu wata halitta da take iya narkar da shi kamar ita. Duk ƙwarya da faifai da algararar da muka lissafa a baya, ita ce take mayar da su ƙasa. Kuma ba a juji kaɗai ta yi wa ɗan Adam rana ba, domin daga wata funfuna ce da ta faɗa cikin kwanon gwajinsa Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a Landan a 1928.

Shigowar Leda

Robar da ake yin leda da ita, wadda masana suke kira polietilin, an gano ta ne a 1933 a wata masana'antar kamfanin ICI da ke Ingila. Daga man fetur da iskar gas ake samo ta. A 1965 kamfanin Celloplast na ƙasar Suwidin ya yi rajistar jakar leda mai hannu biyu, wadda injiniyansa Sten Gustaf Thulin ya ƙirƙiro, wato irin wadda kowa yake riƙowa daga kasuwa a yau. Mu a nan, a iya tunanina, buta da bokiti da takalmin roba ne suka fara shigowa, kuma an yi maraba da su, domin butar roba ba ta fashewa kamar ta yumɓu, ba ta tsatsa kamar ta ƙarfe. Leda kuwa da farko abar marmari ce. Iyayenmu mata sukan wanke ta su shanya, su ninke su adana a ƙarƙashin katifa.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka juya lamarin. Na farko shi ne takin zamani. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Gusau, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a Nijeriya tare da na Funtuwa da na Gwambe, da tallafin Bankin Duniya, kuma a 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa. Takin zamani ya wadata cikin rahusa, manomi ya ga buhu guda ya ɗauke masa jigilar mangala da yawa, sai ya fara juya wa juji baya. Da juji ya rasa mai so, sai ya rasa mai kula da abin da ake zuba masa. Na biyu shi ne arahar leda, har ta kai mai tumatir yana ba da ita kyauta, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal ta fara samar da ɗanyen kayanta a cikin gida. Na uku shi ne ruwan leda, wanda ya bazu a shekarun 1990, ya kori randar ƙofar gida da ƙanƙarar moɗa. Ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996 ya mayar da Gusau babban birni, jama'a suka ƙaru, kasuwanni suka faɗaɗa, shara ma ta ƙaru, a daidai lokacin da ta sauya kama.

Tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda muka gada daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, ta koya mana kwashe shara daga nan zuwa can, amma ba ta tanadi yadda za a yi da sharar da ba ta ruɓewa ba. Duniya baki ɗaya ma haka ta sami kanta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 an ƙera roba tan biliyan 8.3, daga ciki tan biliyan 6.3 sun riga sun zama shara. Kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a juji ko warwatse a doron ƙasa da cikin ruwa.

Ɓarnar da Muke Gani

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Manomin da ya kai sharar gari gonarsa a yau, sai ya sa yara tsintar leda kafin ya yi huɗa, wadda ta tsere musu kuma ta naɗe garma, ta tare saiwa, ta hana ruwa ratsa ƙasa. Ga shi kuwa takin zamani ya yi tsadar da talaka yake waiwayen takin gargajiya, sai ya tarar mun lalata shi da hannunmu. Mahauta shaidu ne a kan abin da suke ciro wa daga tumbin shanu da tumaki. Ni kaina na taɓa kiwata rago wata da watanni, yana ci amma kullum ƙara ramewa yake yi, ciki a kumbure. Da aka yanka shi sai ga dunƙulen leda da igiyar buhu a murɗe, ya kai girman ƙwallon yara. Da damina kuma leda takan toshe magudanan ruwa, ruwa ya koma cikin gidaje ya ci gindin katangar ƙasa, wanda ya kwanta ya zama matattarar sauro. Abin da ruwa ya kwashe kuma Gulbin Sakkwato yake nufa, wanda ya bi ta Gusau ya wuce Bunguɗu, inda masu lambu da masunta da makiyaya suke dogaro da shi. Wasu kuma sun mayar da leda makamashin hura wuta, alhali hayaƙinta guba ne ga mai girki da goyon da ke bayanta.

Dalilin duk wannan guda ne. Funfunar da ta saba cin ƙwarya da algarara ta iske abin da ba ta san shi ba. Leda a cikinta sarƙa ce mai tsawon gaske, ƙwayoyinta a ɗaure tamau, ba ta jiƙa, kuma babu wata gaɓa a jikinta da sinadarin funfuna zai kama ya yanka cikin sauƙi. Rana takan gasa ta har ta yi rauni ta farfashe, mai gona ya ɗauka ta ruɓe, alhali kuwa ta koma ɓarɓashi ne ta gauraye da ƙasa, tana nan a matsayinta na roba.

Abin da Masana Suka Gano

Yanzu sai mu koma ga albishirin ɗalibina. Maganarsa tana da tushe. A 2008 wasu ɗaliban Jami'ar Yale ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Scott Strobel, suka je dajin Amazon na ƙasar Ekwado suka ɗebo funfunar da take zaune a cikin jikin tsirrai. A 2011 suka buga sakamakon cewa wata mai suna Pestalotiopsis microspora tana iya rayuwa da robar poliyuretan kaɗai a matsayin abinci, ko da a wurin da babu iska, kamar ƙarƙashin tulin shara. A 2017 Dakta Sehroon Khan da abokan aikinsa suka ba da rahoton wata mai suna Aspergillus tubingensis, wadda suka samo daga wani juji a birnin Islamabad na Fakistan. Ita ma poliyuretan ta ci, cikin wata biyu ta mayar da fallen robar gutsattsari.

A 2023 masana a Jami'ar Sidni ta Ostireliya suka gwada wasu iri biyu, Aspergillus terreus da Engyodontium album, a kan robar polifurofilin. Bayan sun fara raunana robar da zafi ko haske ko sinadari, nauyinta ya ragu da kashi 21 cikin 100 a kwana 30, ya kai kashi 25 zuwa 27 a kwana 90. A 2024 kuma masu binciken teku na ƙasar Holan suka bayyana wata mai suna Parengyodontium album, wadda aka samo a jikin tarkacen robar da ke yawo a tekun Fasifik. Wannan ita ce ta taɓa polietilin, amma sai wanda hasken rana ya riga ya gasa, kuma abin da take ci a kowace rana kimanin kashi 0.05 ne cikin 100.

Lissafin Allo

A nan ne ya kamata mu ɗauki alli. Da farko, roba suna ne guda na abubuwa daban-daban. Poliyuretan, wanda funfunar Ekwado da ta Fakistan suka ci, shi ne na katifar soso da ƙasan wasu takalma, kuma irin da aka gwada yana da gaɓoɓi masu kama da na abubuwan da funfuna ta saba yankawa a jikin tsirrai. Polifurofilin shi ne na buhun taki da na shinkafa da kujerun biki. Gorar ruwa da ta lemo wata roba ce dabam. Ledar kasuwa da ta ruwa kuwa, wadda ita ce ta fi addabarmu, polietilin ce, kuma tana cikin waɗanda suka fi gagara.

Na biyu, kashi 0.05 cikin 100 daidai yake da kashi ɗaya cikin 2,000. Ko da za a ce aikin zai tafi bai ɗaya ba tare da ja da baya ba, sai an yi kwana 2,000, wato fiye da shekara biyar, kafin a gama da leda guda. Mai karatu ya kwatanta wannan da ledar da ake zubarwa a ranar kasuwar Tsafe guda ɗaya, ko a wurin ɗaurin aure guda a Tudun Wada. Na uku, waɗannan sakamako an same su ne a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake daidaita zafi da laima, a kan 'yan ƙananan fallayen roba masu tsafta. Funfuna kuwa laima take so, mu kuma muna yin wata bakwai ko fiye ba mu ga ruwan sama ba. Sa'an nan idan aka sake ta a juji ta tarar da ɓawon rogo da ragowar tuwo, me zai kai ta ga leda? Shi ya sa har yanzu mafi yawan wannan aiki bai fita daga matakin gwaji ba. Ilimi ne na gaskiya mai alamar alheri, amma al'ummar da ta naɗe hannu tana jiransa ta yi zaman jiran gawon shanu.

Darasi Daga Gyaɗa

Tarihin gyaɗarmu yana da abin da zai koya mana a kan sa funfuna aiki. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Da aka bincika sai aka gano gubar da funfunar Aspergillus flavus take zubawa a gyaɗa da masara, wadda aka sa wa suna afulatokzin. Guba ce mai lalata hanta, kuma tun daga lokacin ƙasashen Turai suka riƙa tsaurara sharuɗɗan sayen gyaɗa daga ƙasashe irin namu.

Bayan shekaru masu yawa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan, tare da abokan aikinta, ta tattara samfurin wannan funfuna daga gonakin Nijeriya, ta tace har ta ware iri huɗu waɗanda ba sa fitar da guba. Aka shafa su a jikin ƙwayar dawa da aka gasa, aka sa wa haɗin suna Aflasafe. Manomi yakan watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Gwaje-gwaje sun nuna gubar tana raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, maganin ya fito ne daga ƙasarmu, daga funfunar da ta saba da zafinmu da raninmu. Idan jujin Islamabad ya ɓoye abin da duniya ta yi mamaki, babu abin da zai hana tsofaffin jujin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, waɗanda suka shekara talatin suna cuɗanya da leda a ƙarƙashin rana mai ƙuna, su ɓoye nasu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Muna da Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya, kuma 'ya'yanmu suna cikinsu. Na biyu, funfunar Fakistan da ɗaya daga cikin na Ostireliya 'yan gida ɗaya ne da mai gubar gyaɗa, kuma wasu daga wannan gida suna kama huhun mutum. Saboda haka wannan aikin masana ne, kada wani ya ji labari ya ce zai yi kiwon funfuna a bayan ɗaki.

Kammalawa

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar doka. Bangaladash ta haramta siririyar leda a 2002 bayan ta toshe magudanai ta tsananta ambaliya, Ruwanda ta bi sahu a 2008, Muritaniya a 2013, Kenya a 2017. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta kafa tata dokar a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san doka a takarda dabam take da doka a aikace. A Nijeriya Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin haramta leda a 2019 amma bai zama doka ba, Jihar Legas kuma ta haramta farar robar soso ta zuba abinci a Janairun 2024. Taron ƙasashen duniya na neman yarjejeniya a kan roba ya watse a Janeba a Agustan 2025 ba tare da an cim ma matsaya ba. Wannan ya nuna cewa babu wanda zai zo daga nesa ya share mana ƙofar gida.

Abin da ke hannunmu shi ne mu mayar wa funfuna aikin da ta iya, mu ɗauke mata wanda ba ta iya ba. Kowane gida ya raba shararsa uku. Toka da kashin dabbobi da ɓawo da ragowar abinci su tafi ramin taki, a riƙa yayyafa musu ruwan wanke-wanke ana juyawa, cikin 'yan watanni su nuna. Fasasshen bokiti da buta da gora da ƙarfe a tara wa 'yan bola-jari, waɗanda suke kai su masana'antun Kano a narke a sake ƙerawa. Leda kuma a cusa ta a buhu, kada ta taɓa juji, kada ta shiga wuta, kada a bar ta inda dabba za ta kai baki. Uwargida ta koma aiken yaro da kwano, maigida ya riƙi jakarsa in zai je cefane. Masu biki su tanadi buhun tara ledar ruwa kamar yadda suke tanadar tabarma. 'Yan'uwana malaman makaranta su haƙa ramin taki a lambun makaranta, su binne ganye da takarda da leda a farkon zango, su tone tare da yara a ƙarshensa, domin gani ya kori ji. Masu unguwanni da sarakunan kasuwa da na fawa kuma su ne duba-garin wannan zamani, in sun ga dama.

Da ɗalibin nan nawa ya dawo hutu, na zaunar da shi na yi masa wannan lissafi. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni ko akwai tsohon jujin da na sani wanda ba a taɓa kwashewa ba. Na kai shi wani da ke bayan unguwarmu, wanda na san shi tun ina ƙaramin malami. Ya sa safar hannu ya tona, ya ciro wata baƙar leda da ta yi shekaru a binne, ya zuba ta da ƙasar da ke jikinta a kwalba, ya ce zai kai wa malaminsa. Ni kuma na dawo gida na sa jikokina muka haƙa ramin taki. Allah Ya ba shi sa'a, mu kuma Ya ba mu ikon gyara abin da muka ɓata.